Kuregen da Auta Ta Kora

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, a gida ana ce mata Auta. Ita dai Auta komai babba take so. Ko fensir za a raba, dogon za ta fara cafkewa.

A makarantarsu akwai wani wasan intanet da ake yi bayan darasi, wasu a ɗakin kwamfuta, wasu a wayar gida. Kowa dabba yake zama a cikin wani daji. Ba a ganin fuskar mutum, ba a sanin sunansa, sai dabbarsa da abin da ya rubuta. Auta giwa ta zaɓa, ba sai an faɗa ba. Ta sa yatsa ta ja girman giwar har ƙarshe.

Ita da ƙawayenta biyar suna garke ɗaya. Wata guda cur suka yi suna tara itace da duwatsu, suka tare rafi, suka yi tafki. A wasan, in rani ya zo garke ba shi da ruwa, duk sai sun koma farko. Saura kwana biyu rani ya shigo. Ƙawayen suka ɗora Auta a tsaron ƙofar tafkin.

Ranar Laraba da yamma tana zaune a falo da wayar Mama, sai ga baƙi biyu a ƙofa. Ɗaya ƙaton karkanda ne, ya cika fuskar wayar. Ɗayan kurege ne ɗan mitsitsi, sai ta matso da wayar kusa da hancinta kafin ta gan shi.

Karkandan ko sallama bai yi ba. Amma Auta ta saki baki tana kallonsa. "Tabɗi! Wannan ai gwani ne," ta ce. Nan take ta buɗe masa.

Kuregen ya rubuta, "Sannu da aiki, Giwa. Tafkinku ya yi kyau. Amma kada ki bar karkandan nan ya hau..."

Auta ba ta ƙarasa karantawa ba. Ta rubuta, "Kai ɗan tsugul, aji nawa kake? Nan wurin manya ne. Je ka yi wasa da tsaranka!" Ta danna wurin kora. Kurege ya ɓace.

Ko minti ɗaya ba a yi ba, karkanda ya haye kan itacen da ya tare ruwan. Ya yi tsalle. Ya ƙara tsalle. Itace ya karye, ruwa ya ɓalle yuuu!

"Wayyo! Tsaya! Tsaya mana!" Auta ta ƙwalla ƙara. Ta yi mutuwar zaune, tana kallon aikin wata guda yana malalewa. Tafki ya koma taɓo.

Saƙonnin ƙawayenta suka fara shigowa. "Wa ya buɗe masa?" "Giwa, ashe haka za ki yi mana?"

Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Ke, lafiya? Na zaci wuta ce ta ja ki!"

Auta ta ba ta labari tana shessheƙa.

"Shi ƙaramin me ya ce miki?" Mama ta tambaya.

"Ban karanta duka ba."

"To karanta yanzu."

Auta ta duba. Ƙarshen saƙon cewa yake, "...kan itacen. Ya yi nauyi, zai karya shi." Kunya ta rufe ta.

"Wanda ya yi miki sallama kin kore shi, wanda ko kallonki bai yi ba kin buɗe masa," in ji Mama. "Gobe sai ki nemo shi ki ba shi haƙuri."

Washegari da sassafe ta nufi ɗakin kwamfuta. Malamin kwamfuta ƙaton mutum ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, in ya yi gyaran murya aji ya yi tsit. Auta ta tsaya a gabansa.

"Malam, don Allah ka taimake ni in gano wani yaro. Kurege ne a wasa. Na yi masa rashin kunya."

"Yaro?" Malam ya ce. "Ta yaya kika san yaro ne?"

"Ai ɗan ƙarami ne."

Malam ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa. Ga kurege nan zaune a kan reshe. A ƙasansa ga maganarta ɓaro-ɓaro: *Je ka yi wasa da tsaranka.*

Auta ta dafe ƙirji. Jakarta ta suɓuce ta faɗi. "Malam! Kai ne? Na shiga uku!"

"Ni ne ɗan tsugul," in ji Malam, yana danne dariya. "Shekara uku ina kurege. Daga kan bishiya na fi ganin yadda kuke wasa."

"To... to karkandan fa?"

"Wani ɗan aji ɗaya ne, ranar ya fara. Ko karatu bai gama iyawa ba. Wurin tsalle kawai ya sani."

Auta ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Na yi kuskure."

"Na haƙura. Amma da a ce yaro ƙarami ne da gaske, kina ganin ya dace ki faɗa masa haka?"

Ta girgiza kai, idonta ya cika da hawaye. "A'a, Malam."

Bayan darasi ta ba ƙawayenta haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta buɗe wa kurege ƙofa. Ya kai su gindin wata bishiya, ya shige wani rami da giwa ko hancinta ba zai shiga ba, ya tono musu idon ruwa. Suka sake tarewa, har karkanda aka koya masa jan itace. Kafin rani ya shigo, tafki ya cika.

Da ta koma gida Mama ta ce, "To, me kika koyo?"

Auta ta ce, "Girman dabba ba ya nuna wanda ke bayanta, Mama. Daga yau sai na saurari mutum har ƙarshe kafin in yanke masa hukunci. Kuma babba ko ƙarami, kowa zan girmama."