Jirgin Kakan Baba

A garin Gummi akwai wata yarinya 'yar aji shida. Sunan gidansu Maijirgi. Kullum tana rubuta shi a bayan sunanta, amma ba ta taɓa tambayar daga ina ya samo asali ba.

Wata rana Malama Lilian, mutumiyar Filato, ta ba su aikin gida.

"Kowa ya binciko asalin sunan gidansu," in ji ta. "Ku fara da tambayar manya. Mai son ƙarin bayani ya zo, mu duba a kwamfuta tare."

Yarinyar ba ta tambayi kowa ba. Gani take kwamfuta ta fi kowa sani. Da aka fita tara, sai ta roƙi Malama ta bar ta ta duba. Ta rubuta sunan gidansu. Sai ga hoton wani mutum sanye da fararen kaya, yana tsaye kusa da jirgin sama. Shi ma sunansa Maijirgi.

Murna ta kama ta. Ko bayanin da ke ƙasan hoton ba ta tsaya karantawa ba.

Washegari ta miƙe a gaban aji, tana ɗaga kai.

"Mu jirgin sama ne da mu," ta ce. "Kakan babana ne ya saye shi. Shi ya sa ake ce mana Maijirgi."

Sai wani yaro, Lirwanu, ya ɗaga hannu.

"Malama, kakana ya san shi. Ya ce fito yake yi a gulbi da kwalekwale."

Yara suka fashe da dariya. Malama ta tsawata musu, sannan ta dubi yarinyar.

"Wa kika tambaya a gida?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba kowa."

Ta koma gida tana kuka, ta kasa cin tuwo. Inna ta saurari labarin har ƙarshe.

"Ɗiyata, ga Kaka Dija a ɗaki, kinka tsallake ta kinka tafi tambayar na'ura? Tashi ki je wurinta."

Kaka Dija ita ta haifi baban yarinyar. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Da ta ji abin da ya faru, sai ta yi murmushi.

"Surukina ne, Nababa, Allah ya jiƙan shi. Bai taɓa shiga jirgin sama ba. Amma kafin a yi gada, duk mai zuwa kasuwa a jirginsa yake ƙetarewa. Shekarar da gulbi ya cika ya ci gidaje, shi ya kwana yana kwashe mata da yara zuwa tudu. Hannunsa har ya yi jini saboda riƙon goran tuƙi."

Kaka ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Yana da ƙane da ya tafi wajen Bukkuyum. Tun da manya sunka rasu, ba mu sake jin labarin zuriyarsa ba."

Da safe yarinyar ta ba Malama haƙuri, ta faɗa wa aji gaskiya. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Malama ta ce akwai wani zaure a intanet, inda mutanen yankin ke tattauna tarihin gidajensu. Da izinin Baba, suka sa labarin Nababa a ciki.

Amsoshi suka yi ta shigowa. Wata mata daga Anka ta ce mahaifiyarta na goye aka ƙetare da su a jirgin nan. Sai wani malamin asibiti a Bukkuyum, Lauwali, ya rubuta: "Nababa wan kakana ne. Mun daɗe muna neman ku."

Baba bai yi gaggawa ba. Ya kira shi a waya, ya miƙa wa Kaka. Ta yi masa tambayoyi kan sunayen iyaye da kakanni, duk ya amsa daidai.

Ranar Juma'a Lauwali ya zo da iyalinsa. Inna ta yi musu masa, wato waina, da miyar taushe. Kaka ta riƙe hannun 'yarsa Hure, ta ce idanun Nababa ne sak.

Yarinyar ta ja Hure suka tafi bakin gulbi, ta nuna mata wurin da ake ɗaure jirgin a da.

Daga ranar ta gane cewa kwamfuta na taimako, amma sai an fara tambayar manya, an kuma tabbatar kafin a faɗa. Ta kuma gane cewa mutum ba ya buƙatar ƙarya don ya yi alfahari da gidansu.