Ƙofar da Aka Tsallake

Da hantsi aka sanar da ofishin 'yan sanda cewa wata dattijuwa mai ɗinki ta faɗo daga hawa na huɗu a gidajen hayar gwamnati, waɗanda aka ware wa kuɗin gyara a bana. Sufeto ya tarar an lulluɓe gawar da zane. Kusa da ita ga ƙarfen baranda, yana ƙyallin sabon fenti.

Ya hau sama ya duba. Kusoshin da ke riƙe ƙarfen suna nan a bango, ko ɗaya bai karye ba. Notunan da ke ɗaure su ne babu.

Masu haya sun cika matakala, ba wanda ya amsa sallamarsa.

"Ajali ne, Yallaɓai," in ji ciyaman ɗin masu haya, wanda makullan ginin ke hannunsa. "Jiri take fama da shi."

"Jirin ne ya kwance noti takwas?"

"To, ɓarayi ne."

Wata mata ta ɗaga murya daga baya. "Shekara ashirin rufi na yoyo a kanmu, ba mu ga ɗan sanda ba. Sai yanzu da aka fara gyara za ku zo ku sa a dakatar?"

A ma'aikatar gidaje aka shimfiɗa wa Sufeto hotunan da jami'ai suka ɗauka a gini na ɗaya, na biyu da na uku, shaidar an kammala aiki. Ya daɗe yana kallo. A kowane hoto, sanda ta uku ta ƙarfen hawa na huɗu tana da wani ƙullin walda, wuri ɗaya, girma ɗaya. Ya sa aka kawo ɗan kwangila.

"Gini nawa ka yi wa ƙarfe?"

"Uku, kuma an sa mini hannu."

"Mai waldarka gwani ne. Kuskure ɗaya ya yi sau uku, ba ragi ba ƙari."

Ɗan kwangilar ya share gumi. Ƙarfen gini ɗaya ya saya, in ji shi. A kafa, jami'ai su ɗauki hoto, a kwance a kai gini na gaba. "Amma ni ban taɓa riƙe sifana ba. Mutanen gidan ke yi, da yardarsu."

'Yar marigayiyar ta karɓi Sufeto a ɗakin keken ɗinki, idanunta a bushe.

"Jiya ciyaman ya bi ƙofa-ƙofa yana cewa kada a jingina da baranda," in ji ta. "Yau maƙwabta suka faɗa mini, bayan ta faɗi."

"Bai zo nan ba?"

"Wata uku ba sa magana da Inna. Ita kaɗai ta ƙi sa hannu a takardar cewa an gama gyaran ɗakinta."

Sufeto ya tarar da ciyaman a ɗakin ajiya. Ya buɗe wani gwangwanin fenti da aka tura bayan ƙofa, ya zazzage notuna takwas a ƙasa.

"Ƙofa nawa ce a hawan?"

"Sha biyu."

"Nawa ka ƙwanƙwasa?"

Ciyaman ya zauna a kan buhun siminti.

"An ce idan muka ba da haɗin kai, a gininmu za a bar ƙarfen daga ƙarshe. Na kwance notunan jiya, motar ɗauka ba ta zo ba. Na tsaya a ƙofarta, wallahi na tsaya. Sai na ce ba zan fara yi mata magana ba. Wata zuciyar ta ce ai wani zai faɗa mata."

"Wani ya faɗa?"

"A'a."

Sufeto ya sa masa ankwa. Suna saukowa, 'yar marigayiyar ta tare matakala, amma ba ciyaman take kallo ba. Maƙwabtan take kallo.

"Da Inna ta fito da wanki a hannu za ta shanya a kan ƙarfen, ku nawa ne a barandar kuna kallonta?"

Ba wanda ya ɗaga kai. Ɗaya bayan ɗaya suka shige ɗakunansu suna turo ƙofa.

Sufeto ya ƙirga ƙofofin da suka rufu, sannan ya tasa ƙeyar ciyaman zuwa mota. Ankwa ɗaya ya zo da ita, kuma doka ba ta ba shi ikon neman ƙari ba.