Curin Zinaren Aboi Kidane

Da Aboi Kidane ya dawo daga gaisuwar mutuwa da rana tsaka, ya tura ƙofar maƙerarsa, ya leƙa ɗan kaskon da ke bayan zuga-zugi, ruwa kawai ya tarar. Curin zinaren ya ɓace.

Kafin 'yar sanda Saje Tsehaitu ta iso, layin maƙeran fari na Aksum ya cika da mutane, kuma sun riga sun yanke hukunci cewa Aboi Kidane ne ɓarawon. Zinaren na matan cocin unguwa ne, 'yan kunne da sarƙoƙin da suka cire suka bayar don a shafa wa babban gicciyen azurfa kafin Timket, bikin tunawa da baftismar Yesu. Wata tsohuwa tana cewa ai maƙeri da maita ɗanjuma ne da ɗanjummai. Limamin coci ya ce a rufe shi kawai, ya faɗi inda ya ɓoye. Saje ta san idan ta kai dattijon nan ofis yau, ko gobe an sake shi, babu mai ƙara ba shi aiki a garin.

Ta rufe ƙofa, ta zauna a kan kututture, ta ce ya yi mata bayani a hankali. Ya nuna mata yadda ake yi. Ana yanka zinare siriri, a narka shi cikin zaiba mai zafi, a matse a fata har ya zama curi mai laushi kamar man shanu, launinsa toka-toka. Shi ake shafa wa azurfa, a ɗora a wuta, zaiba ta tashi, zinare ya zauna. Da safe ya haɗa curin, ya bar shi a ruwa, ya ja ƙofa ya fita.

Saje ta dubi ɗakin. Ga gicciyen a jingine, ga 'yan kunne sababbi suna ƙyalli a jikin ƙusa, ba a taɓa ko ɗaya ba. Da ɓarawon hanya ne, waɗannan zai kwasa, ba zai kalli abin da ya yi kama da laka ba. Wanda ya ɗauka ya san abin da ya ɗauka. Ta tambaya wa ya ga ana haɗawa. Mutum uku ne: Adei Letai mai gidan da maƙerar take ciki, wadda ta kawo gahawa, Hagos, maƙerin da ke fuskantarsa yana hango komai daga wurin aikinsa, wanda suka daɗe ba sa ga maciji, da Aite Zemikael, ma'ajin coci, wanda ya kawo zinaren ya tsaya aka narka a gabansa.

Adei Letai ba ta ɗauki lokaci ba. Tare da Aboi Kidane suka tafi gidan makoki, tare suka dawo, kuma matan da suka yi kuka kusa da ita sun shaida.

Hagos kuwa bai tashi daga aikinsa ba.

"To, 'yar gwamnati, an zo kama ni?"

"In ka ɗauka."

"Da ni ne, da fatar matsi zan haɗa. Tsohon nan ya fi ni fata mai kyau, ban da wannan bai fi ni komai ba."

Ta miƙa hannu za ta ɗaga kwalbar zaibarsa, sai ya tare ta da awartaki.

"Cire zobenki tukuna, ƙanwata. Zaiba tana taɓa zinare ya koma fari kamar gwangwani. Sabulu ba ya fid da shi, sai wuta. Mijinki ya ce kin sayar."

Ta cire, ta dubi hannunsa. Babu zobe, babu alamarsa. Ya ce babu mai wannan sana'a da ke sa zinare a yatsa. Maƙwabtansa sun tabbatar bai ɗaga daga bakin wuta ba tun safe, don wata amarya ta tsare shi a kan awarwaronta.

Saura ma'aji. Ta same shi a harabar coci, lulluɓe da farin mayafi har wuya duk da rana. Ya sunkuyar da kai ya gaishe ta, bai ba ta hannu ba, ya ce mura ke damunsa. Ya amsa komai a natse: bayan an narka ya wuce gida, kuma shi tun farko bai so a ba wa irin waɗannan mutane kayan Allah ba. Saje tana saurare, tana tuna zobensa. Duk Aksum an san shi, ƙaton zoben zinare da ya sayo a ziyarar Urushalima, wanda ya nutse a yatsarsa tun da ya yi ƙiba. Mutum ne mai magana da hannu don a gan shi. Yau hannun bai fito ba.

Ba ta da hujjar yaye wa dattijon coci mayafi a gaban jama'a. Sai ta ce za ta raka shi gida ta gaishe da matarsa, ta kuma roƙi liman ya zo. Lokacin abinci ne, kuma ba a barin baƙo ya tafi haka. Matar gidan ta kawo faifan injera, faffaɗar wainar ƙasar, da miyar wake. Aite Zemikael ya ce shi ya ƙoshi. Saje ta wanke hannu, ta naɗa loma mai kyau, ta kai masa baki.

"Aite, don girman Maryamu."

Ba a ƙin lomar baƙo. Ya karɓa. Wanda aka ba kuma dole ya rama, da hannun dama, liman yana kallo. Matarsa ta matso da buta da tasa, ta tsaya tana jira. Ya daɗe kafin ya fito da hannun.

"Zemikael, me ya sami zobenka?" in ji matar.

Zoben ya yi fari fat. Yatsar ta kumbura, ta yi ja saboda ja da murza.

Saje ta yi wa liman bayani ba tare da ɗaga murya ba. Wanda ya ɗauki curin ya san zinare ne, don haka ya ga haɗinsa. Amma ya tsoma hannu da zobe, abin da maƙeri ba zai yi ba ko a mafarki. Ya san darajar abin, bai san halinsa ba. Ya kuma dogara da cewa in kaya ya ɓace a maƙera, ba wanda zai dubi wani sai maƙeri.

Aite Zemikael bai yi musu ba. An samo curin a ɗakin hatsi, cikin gwangwanin zuma, bai ragu ba.

A ofis aka ce zoben shaida ne, sai an cire. Sabulu ya kasa, zare ya kasa. Saje ta aika aka kira Aboi Kidane, ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa wa waɗanda suka biyo shi, da ƙarfi yadda na baya za su ji, cewa ba shi da laifi. Ya shigo da ɗan zartonsa, ya zauna a gaban ma'aji, ya shimfiɗa ƙyalle a gwiwa.

"Kawo hannun, Aite," ya ce. "Kada ka motsa, ba na so in yanke ka. Ina da gicciye yana jirana."