Kwana Uku Kafin Satumba

"An cire waƙarku."

Kofin da ke hannun Tuva ya suɓuce, ya tarwatse a ƙasa!

"An cire... me?"

Birgitta, shugabar shirin zaɓen waƙa a gidan talabijin na ƙasa, ko gezau. Matar nan ko gobara ta tashi a Stockholm sai ta ƙarasa kofinta.

"Kin san doka. Duk waƙar da ke neman wakiltar Sweden a gasar Turai, kada jama'a su ji ta kafin ɗaya ga Satumba. Taku tana intanet tun ashirin da tara ga Agusta."

Tuva ta juya ta kalli saurayinta Elis. Shi ya rubuta mata waƙar, a ɗan hutun da yake samu daga tuƙin bas. Cikin waƙoƙi fiye da dubu biyu alƙalai suka tsamo ta ba su san mai ita ba, saura mako biyu ta hau dandamali.

"Elis... kai ne?"

"Ni? Haba zuciyata! Ko ƙanwata ban tura wa ba!"

Sai ga Ronja ta leƙo, wadda waƙarta ke jiran gurbi in an cire wata. Ta langaɓe kai kamar ta zo ta'aziyya.

"Ayya Tuva, ban ji daɗi ba! Tsautsayi ne ya kai ni kan bidiyon."

Tsautsayi! Mutum goma sha huɗu kacal suka kalli abin, ku ce ba tono ta yi ba?

Birgitta ta juyo musu da wayarta. Walimar cin jatan lande ce a lambu, kowa da hular takarda, ga Elis yana kaɗa jita, ga Tuva tana rerawa.

Idon Tuva ya sauka kan sunan wadda ta ɗora.

Gunnel.

"Mamana?!"

Jirgin ƙasa suka hau zuwa Gävle, garin mahaifiyar Tuva. Shekara biyu Gunnel tana ƙin Elis. Ko sunansa ba ta kamawa, sai dai "direban nan".

Tuva ta banka ƙofar kicin.

"Mama! Ƙiyayyar har ta kai ki kashe mana waƙa?"

"Wace waƙa kuma? Ku cire takalma, yanzu na goge ƙasa."

"Bidiyon da kika ɗora! An kore mu!"

Tiren biredin kirfa ya karkace a hannun Gunnel, biredin ya zube ƙasa.

"Ai... ai ƙawayena na mawaƙan coci kaɗai na tura wa..."

"Duniya kika tura wa!"

Tun a jirgi Elis yake riƙe da wayarsa bai iya kallo ba, sai yanzu ya lura da rubutun da ke ƙasan bidiyon.

"Tuva, karanta nan."

"Ba abin da zan karanta!"

"Don Allah, masoyiyata."

Ta fizge wayar. Ta karanta: "Ku ji abin da surukina ya rubuta. Sau tara na saurara, sau tara na yi kuka. Kada wadda ta gaya masa."



"Suruki?" in ji Elis.

Fuskar Gunnel ta yi jawur.

"Hannuna ne ya zame."

"Har layi uku, Mama?"

"Ke, rufe min baki!"

Sai kuma ta zauna daɓas, hawaye shar.

"Na ɓata muku gasar bana... Elis, ka yafe min."

Karon farko ke nan da sunansa ya fita daga bakinta. Tuva ta toshe baki, kuka da dariya suka haɗe mata.

Elis ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Waƙa zan rubuta wata, Gunnel. 'Yarki ce ba ni da kamarta. Kin ba ni?"

Ta share ido da gefen rigar girkinta, ta harare shi.

"Tashi, gwiwarka na kan biredina. Watan Yuni za a yi bikin, kuma ni zan ɗauki bidiyon."

"A'a!" suka ce a tare.