Rangwamen Ɗaki Mai Lamba Uku

Ƙarfe uku na rana rahoton ya iso ofis: an yi wa wasu baƙi sata a wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa. Sufeto ta ture takardun gabanta, ta yafito Saje, suka fita.

A ɗaki mai lamba uku ta tarar da masu ƙarar. Maigidan malamin makaranta ne, ya kawo matarsa da 'ya'yansa mata biyu hutun kwana huɗu. Autar tana zaune a bakin gado, tana bin leɓen kowa da kallo.

"Me aka ɗauka, Malam?"

"Kwamfutata da na'urar jin Auta, ranki ya daɗe. Ba ta ji sai da ita. Mun cire mata ne don za mu wurin ninkaya. Ni kwamfutar ma na yafe."

"Me ya sa ka zaɓi otal ɗin nan?"

"Mako biyu na yi ina bincike a waya. Ga tasha, ga gidan namun daji, ga asibiti, duk tafiyar ƙafa. Ga araha."

"Ga ɓarayi kuma, su ma tafiyar ƙafa," in ji matarsa.

Sufeto ta duba ƙofa, makulli lafiya lau. Ta girgiza ƙarafunan taga, ko motsi. Ba ta damu ba. Ta san ɓarawon da bai fasa komai ba, ɗan gida ne.

Manaja ya tarbe ta da fara'a har kunne.

"Kada ki wahalar da kanki, ranki ya daɗe. Mai shara ce. Yau zan sallame ta."

"Ba ka da hurumin sallamar kowa sai na gama."

Aka kira mai shara, wata dattijuwa.

"Kin shiga ɗakin yau, Baba?"

"Ban shiga ba."

"To, wa ya sa sababbin tawul?"

Matar ta fashe da kuka. "Na shiga, 'yata, tsoro ne ya sa na musa. Mata biyu aka kora kafin ni. Duk a kan wannan ɗakin."

"Wannan kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Sufeto ta wuce teburin karɓar baƙi, ta buɗe rajista. An rubuta wa iyalin ɗaki mai lamba sha biyu a bene, sannan aka soke, aka sa uku.

"Su suka nemi canji," in ji ma'aikacin teburin, idonsa a ƙasa.

"Ni?" Malam ya zabura. "Cewa aka yi akwai rangwamen rabin kuɗi ga masu iyali!"

"Wa ya ce?"

Ma'aikacin ya rage murya. "Manaja. Shi ke ba da ɗakin da kansa. Sai ya gama hira da baƙo, ya ji inda za su yini."

Ta koma ɗakin, ta tsaya gaban ƙaton kabad ɗin kaya da ke manne da bango. Ta ture rigunan yaran gefe, ta ƙwanƙwasa allon baya. Ƙarar ba ta bango ba ce. Ta tura shi hagu, ya zame sumul. Ga wata tsohuwar ƙofa a bayansa, maƙalanta na ƙyalli da sabon mai.

"Ina wannan ta ɓulla?"

"Sito," in ji mai shara. "Makulli ɗaya ne, yana ƙugun Manaja."

Saje ya tare Manaja a ƙofar baya, yana ƙoƙarin tayar da babur. Da aka buɗe siton, a ƙarƙashin zannuwan gado aka ciro kwamfutar, da wayoyi uku, da ɗan akwatin na'urar.

"Sa mini aka yi!"

"Wa ke da makulli in ba kai ba?"

Ya dubi ma'aikatansa, babu wanda ya ɗaga kai. Kafaɗunsa suka zube.

"Ni ne. Mai iyali ba ya tsayawa shari'a, hutu na ƙarewa yake komawa gida. Na ɗauka agogo ne a akwatin."

"Matan da ka kora fa?"

Ya kawar da kai gefe.

"Za su zo kotu su ji da kunnensu. Saje, sa masa ankwa."

Uwar ta durƙusa, ta maƙala wa Auta na'urar a kunne. Yarinyar ta ƙifta ido, ta waiga wajen da ake tura Manaja cikin mota yana magiya.

"Umma, wane ne ke kuka haka?"

"Ba kowa, 'yar nan," in ji Sufeto, tana rufe littafinta. "Baƙonmu ne. Mun ba shi ɗaki kyauta."