Amarya Daga Ɗakin Gashi

Wata ranar Asabar da hantsi Zakariyya'u ya fara ganinta, a harabar wata firamare da ke Kudenda, inda likitoci suka kafa rumfa suna duba mata kyauta kan ciwon daji. Ba don kansa ya zo ba. Mama Ladi ya kawo, matar da ke dafa wa ma'aikatan masana'antarsu abinci, wadda tun da ya fara aikin injiniyan lantarki a wurin take ajiye masa tuwo ko da ya makara. An yi mata aiki a mama, an ce saura gashi, wato a kashe ragowar ciwon da hasken inji, ita kuwa ta ce ko da wasa.

Likitar da layi ya kai su gabanta siririya ce, tabarau ya ɗan zamo mata a karan hanci. Ta ce sunanta Sumayya Isiyaku. Ta duba takardun, ta ɗago.

"Mama, me ya hana ki zuwa?"

"'Yata, ni fa mai abinci ce," in ji Mama Ladi. "Na san gashi. Kullum sai na gasa kaza. Abeg, a bar ni in koma ga Ubangiji da fatata."

Sumayya ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido. Sannan ta jawo kujera kusa, ta riƙe hannun matar.

"Babu wuta a ɗakin, Mama. Kwanciya za ki yi, wani babban inji ya zagaya ki kamar mai ɗaukar hoto. Hasken da yake fitarwa ba a ganinsa, ba a jinsa, kuma daidai inda ciwon yake muke auna shi. Ba zan ɓoye miki ba, wurin zai iya yin duhu, za ki ji gajiya. Amma kafin ruwan shayi ya tafasa kin sauko. Ni ma a can nake, a asibitin koyarwa a Abuja, ina koyon ƙwarewa a wannan fannin. In kin zo, ni zan tarbe ki."

Duk wannan bayanin Zakariyya'u bai ɗauke ido daga kanta ba. Sai da ta juyo ta ce, "Malam, ɗanta ne kai?" ya farga.

"Ɗana ne na tuwo," Mama Ladi ta riga shi amsawa. "Yana da hankali, yana salla a kan lokaci. Kuma ba shi da mata."

"Haba, Mama!"

Ya sosa ƙeya ya nemi lambar wayar likita, wai saboda Mama. Sumayya ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta karanta masa.

Mama Ladi ta tafi Abuja ta sauka wurin 'yar ƙanwarta, aka fara yi mata gashi. Da farko saƙon Zakariyya'u bai wuce tambayar jiki ba. Sannu a hankali ya fara tsawo.

"Likita, barka da yamma. Yaya Mama? Yaya kuma mai kula da Mama?"

"Mama lafiya, yau har ta yi wa injin suna, wai Alhaji Babba. Mai kula da ita kuwa kanta ya yi zafi. Tun safe nake zana iyakar ƙari a kwamfuta, malamata Dakta Miriam ta goge ta ce in sake. Ga jarrabawar fiziks a gabana."

"Fiziks? Ai kin zo gidansa. Ranar Asabar in kin dawo gida, zan zo Unguwar Sanusi in ba ki darasi. Ladan malami murmushi ɗaya."

"Injiniya, ka cika tsada."

Ya zo ɗin. Mahaifinta, Malam Isiyaku, tela ne a Tudun Wada, mutum mai fara'a, ya sa aka shimfiɗa musu darduma a zaure. Littafi na buɗe a tsakaninsu, amma rabin lokacin hira ce. A nan ta gaya masa abin da ya kai ta wannan fanni. Lokacin da take sabuwar likita ta sha rubuta wa marasa lafiya takardar zuwa gashi, su tafi su tarar da dogon layi, saboda masu aikin ba su da yawa.

"Ƙasa mai yawan jama'a irin tamu, amma ƙwararrun fannin nan 'yan kaɗan ne," ta ce. "Sai na ce bari in ƙara mutum ɗaya. Shekarun da yawa fa, Injiniya. Akwai jarrabawa biyu manya a gabana."

"Ni ma ina da tawa jarrabawar," ya ce a hankali. "Tambaya ɗaya ce, kuma ke ce mai makin. Sumayya, za ki aure ni?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga cikin mayafin ya ji ta ce, "Ka ci."

A ranar ya tura wa ƙanwarsa saƙo ta karanta wa mahaifiyarsu, Hajiya Larai, da ke Makera: ya samu mata, likitar gashi ce. Hajiya ta yi ta murna, ta shafa kanta ta ce Allah ya kawo mai maganin zubewar gashinta. Sai da ya zo gaishe ta ya warware mata cewa ba gashin kai ba ne, gashin ciwon daji ne. Aka yi dariya, aka tashi lafiya.

Murnar ba ta daɗe ba. A wani gidan suna wata mata ta ja Hajiya gefe ta ce mata duk macen da ke aiki kusa da wannan injin ba ta haihuwa, hasken yana ƙona mahaifa. Hajiya ta dawo gida ko mayafi ba ta cire ba ta sa aka kira shi.

"Zakari, kai kaɗai ne namiji a ɗakina. Yarinyar nan ban ƙi ta ba, amma ba da ni za a yi wannan ba. Ko ta bar aikin, ko ka bar ta."

"Hajiya, ba haka abin yake ba."

"Ka taɓa shiga ɗakin? To, ka yi mini shiru."

Bai taɓa yi mata musu ba, bai kuma san yadda zai fara ba. Ya yi ta juya maganar, daga ƙarshe ya rubuta saƙon da bai kamata ya rubuta ba.

"Likitata, wata shawara. Ba zai yiwu ki koma fannin yara ba? Ko na ido? Hajiya ta ji wata magana kan haihuwa, hankalinta ya tashi."

Ta maido masa da amsa.

"Hajiya uwa ce, tana da damar jin tsoro. Kai fa? Kai da ka zauna ka koya mini lissafin kaurin bangon ɗakin? Na zaci ka san abin da aikin nan yake a wurina. Allah ya ba ka wadda ta dace."

Daga nan ta daina ɗaukar wayarsa.

Ranar Juma'a ya kasa haƙuri ya nufi Unguwar Sanusi. Yana shan kwanar layinsu ya hango ta tana fitowa daga wata farar mota, wani dogon saurayi yana ciro mata jaka yana dariya. Ya san shi a labari, Dakta Sadiƙ ne, abokin karatunta, wanda ta taɓa ce masa ya nemi aurenta ta ba shi haƙuri. Zakariyya'u ya juya babur ɗinsa ya koma.

A makon ne Mama Ladi ta dawo rumfarta ta abinci. Ta rame kaɗan, amma muryar tana nan. Ta zuba masa tuwo, ta ga yana wasa da miya.

"Me ka yi wa 'yata?"

Ya ba ta labari duka, har da farar mota. Ta ɗaga ludayi kamar za ta ƙwala masa.

"Kai, Zakari, ashe ba ka da wayo! Yaron nan Zariya za shi, ya rage mata hanya, ni ma a motar na dawo, a Kakau suka sauke ni wurin 'yar'uwata. Tun daga Abuja yake mata wasa, ita kuwa fuska kamar an yi mutuwa. Tashi ka je ka ba ta haƙuri. Hajiyarka kuma ka bar ni da ita."

Bai tsaya cin tuwon ba. Ya samu Sumayya a zaure, ta fito ba don ta so ba, sai don Malam Isiyaku ya ce ba a barin baƙo a tsaye.

"Na yi kuskure," ya ce. "Tsoron ɓacin ran Hajiya ya sa na nemi hanya mai sauƙi, na manta a kanki nauyin zai faɗa. Ko shekara nawa karatun nan zai ɗauka, ina nan. Ranar da za ki gama ni zan riƙe miki jaka."

 Ta share ido da gefen mayafi.

"Ka san na faɗi gwajin da Dakta Miriam ta yi mana ranar Talata? Saboda kai."

"To a ƙara wa malami aiki, a rage masa lada."

Ta harare shi, dariya ta ƙwace mata.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Mama Ladi ta yi sallama a gidan Hajiya Larai. Ba ita kaɗai ba. Tare da ita akwai Sumayya, da wata mata mai furfura a goshi, da yara huɗu da suka cika tsakar gidan da surutu. Matar ita ce Dakta Miriam, 'yar Kakuri ce, ta zo hutun ƙarshen mako wurin iyayenta, Mama Ladi ta bi ta har gida ta roƙe ta.

Sumayya ta durƙusa har ƙasa ta gaida Hajiya, ta koma gefe ta zauna a bakin tabarma.

"Hajiya," in ji Dakta Miriam, "tun kafin in yi aure nake wannan aikin. Waɗannan duka nawa ne, na ƙarshen tagwaye. In da injin yana hana haihuwa, da ni na huta."

Hajiya ta kasa riƙe dariya. Dakta Miriam ta ci gaba da bayani. Idan injin zai tashi, ba mai zama a ɗakin sai mara lafiya. Ma'aikata suna waje bayan bango mai kaurin gaske, suna kallo ta talabijin. Kowa yana saye da wani ɗan bajo da ke auna abin da ya taɓa jikinsa, ana dubawa a kai a kai. Mace in ta samu ciki kuma, akwai ayyukan da ake ɗauke mata.

"Haihuwa ta Allah ce, ba zan yi muku alkawarinta ba," ta ce. "Amma aikin nan ba zai hana ta ba."

Mama Ladi ta dafa ƙirji. "Ni kuwa da na kwanta a ƙarƙashinsa, ga ni. Jiya buhun masara na ja da kaina."

Hajiya Larai ta dubi Mama Ladi. Da ta buɗe baki, muryarta ta sauya.

"Yayata wannan ciwon ne ya ɗauke ta. An ce a kai ta gashi, muka ji tsoro, muka dawo da ita gida muna shafa mata magani." Ta juya wurin Sumayya. "Matso nan, 'yata. Da an kai ta, da ta tashi?"

Sumayya ta matso, kanta a ƙasa. "Allah ne ya sani, Hajiya. Wasu suna warkewa, musamman in an zo da wuri. Wasu kuma ko ba su warke ba, ana rage musu zafi sosai. Ku ba ku yi don ku cutar da ita ba."

Hajiya ta kamo hannunta ta riƙe, hawaye na zuba. "Ki yi karatunki. Ki yi shi da kyau. Allah ya yi miki albarka."

Da manya suka je neman aure, sharaɗi ɗaya Malam Isiyaku ya kafa, cewa ba mai tsayar masa da 'ya a hanya. Kawun Zakariyya'u ya ce ai Hajiya ta riga shi, ta ce duk wanda ya hana yarinyar nan karatu da ita zai yi. Aka sa rana bayan jarrabawarta ta farko.

Ranar da sakamako ya fito, yana cikin gyaran wani inji a Kudenda wayarsa ta yi ƙara.

"Injiniya, na ci! Alhamdulillahi! Dakta Miriam ta rungume ni a gaban kowa."

"Masha Allah! Amaryata, babbar likita. Yanzu saura ni a ba ni sakamakona ranar Asabar a wurin ɗaurin aure."

An ɗaura aure a masallacin Unguwar Sanusi, layin ya cika har bakin titi. Ma'aikatan masana'anta sun zo cikin anko, likitoci sun taso daga Abuja mota guda, Dakta Sadiƙ ne ma ya tuƙo su, ya rungume ango ya yi masa barka. Malam Isiyaku da hannunsa ya ɗinka wa surukinsa babbar riga. A cikin gida kuwa Mama Ladi ta karɓe madafa, tana ba da umarni da Hausa da Turanci, ba mai iya tanka mata.

Da yamma aka kai amarya Makera. Hajiya Larai ta tarbe ta a bakin ƙofa, ta kama hannunta ta sa a na ɗanta.

"Ga amana nan, Zakari. Ran Litinin ta sama za ta koma bakin karatu, kai za ka kai ta tasha, kuma kar in ji ƙorafi. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya ta gari, ya sa hannunta ya zama waraka ga bayinsa."

Gidan ya ɗauki amin, aka rangaɗa guɗa. Zakariyya'u ya sunkuya daidai kunnen amaryarsa.

"Sannu da zuwa gida, Likita."

Ta matse yatsunsa daga cikin lulluɓi. "Sannu da haƙuri, Injiniyana."