Layin da Na Ƙi Saki

"Ba zan cire ba!"

Yadda maganar ta fito da ƙarfi, har mai gyaran wayar da ke shagon kusa da mu sai da ya leƙo.

Yaya ya dafa gilashin kanta yana kallona. A tsakaninmu kwali ne fari tas, ko ledarsa ba a ɓare ba.

"Auta, kin san abin da ke cikin kwalin nan kuwa?"

"Waya ce, Yaya. Waya muke sayarwa."

"Wayar da ba ta fito ba! Sai wata mai zuwa za ta shigo kasuwa. Kamara huɗu, batir ya kwana ya wuni, ta faɗa ruwa ki tsamo ki goge ki ci gaba da hirarki. Guda ɗaya tal aka ba Dila ta gwaji, bai ba ƙaninsa ba, ya ce a kawo miki!"

"Ba ta da ramin sim."

"To ai shi ne ci gaban! A cikinta ake dasa layi. Ki cire wannan tsohon sim ɗin ki koma layin Tauraro, shi ke nan."

Na ture kwalin gabansa a hankali.

Ni da shi duk mun san ba waya Dila ya aiko ba. Tambaya ya aiko a kwali. Shi ne babban mai kawo mana kaya, ya daɗe yana neman aurena, kuma ya ce ranar da wayar za ta fito yake son jin amsa daga bakina.

"Ke fa kike hana mutane sayen layin Tsuntsu," Yaya ya ce. "Ke ce kuma maƙale da shi. Wannan wace irin masifa ce?"

Gaskiya ya faɗa.

A layin shagunanmu Mai Data ake kirana. Kowa ya rikice da tsarin kira ko na data, wajena ake turo shi. In ka tambaye ni zan faɗa maka ba ɓoye-ɓoye: Tauraro data mai yawa ce da araha, amma wata na ƙarewa za su kwashe ragowar ko sannu babu. Walƙiya gudu kamar me a cikin gari, kana fita bayan gari sai addu'a. Tsuntsu kuwa, ga tsada ga jan ƙafa, hoto ɗaya sai ka yi hamma kafin ya buɗe.

Abu ɗaya gare shi. Yana kaiwa inda babu mai kaiwa.

Kuma can Dogo yake.

Dogona...

Wata rana ya shigo shagon nan, sai da ya sunkuya a bakin ƙofa. Ya ce ƙaramar waya yake so mai madannai, wadda batirinta ba ya mutuwa.

"Saurayi kamarka da irin wayar kakanni?" na ce.

"Inda nake aiki, ƙanwata, kakannin ne kaɗai ke rayuwa."

Turakun sabis yake kafa wa kamfanin Tsuntsu, irin dogayen ƙarafan nan da ke saman duwatsu. Daga sayen waya aka koma sayen caja, daga caja aka koma sayen abin da ba ya buƙata. Har ranar da na ce masa, "Malam, abin sauraro na kunne na nawa ke nan? Kunnuwa nawa gare ka?"

Ya yi dariya ya ce, "To ki ba ni lambarki in huta da asara."

Da za a tura su wani aiki mai nisa bayan duwatsu, ni da hannuna na saka mu a tsarin Ni da Kai. Lamba biyu ake haɗawa, ku yi ta kiran juna ba a taɓa muku kati. A sansaninsu babu sabis ko ɗigo. Sai ya hau can ƙololuwar ƙarfen da suke haɗawa yake kamo na wani gari. Don haka shi ke kira, ni ba na samunsa.

"Ina sama, sanyin idona," haka yake farawa, iska na bugun wayar.

"Ka riƙe da kyau!"

"Na ɗaura igiya. Ke ce dai ba ki ɗaura min ba, kullum faɗuwa nake."

"Allah ya shirye ka, Dogo."

Haka muke kullum da hantsi.

Sai rana ɗaya kiran ya ɗauke.

Na ce ruwan sama ne. Na ce batir ne. Na ce aiki ne ya yi yawa. Uzurin da ban ba shi ba sai wanda ban sani ba. Na kira, aka ce ba a samunsa. Na tura saƙo, na sake turawa, ko ɗaya bai nuna ya isa ba. Na je ofishinsu, wata mata ta duba ta ce lafiyarsu ƙalau, ana ta aiki.

Lafiyarsa ƙalau!

Wallahi na yi hamdala, amma a hanyar dawowa kuka na yi. Ashe yana nan, kira ne ba ya so.

Umma takan zauna bakin gadona da safe ta ga idona a kumbure.

"Auta, mutumin da rayuwarsa ke saman ƙarfe, yau yana nan gobe yana can. Ga wanda ke gabanki yana lallaɓa ki."

"Umma, ni shi nake so."

"Shi yana son naki?"

Na juya fuskata bango na ja mayafi.

Dila kuwa kullum yana tafe da ƙamshin turarensa. Zai jingina da kanta yana juya makullin mota.

"Gimbiya, har yanzu mai hawa ƙarfen bai kira ba?"

"Ina ruwanka?"

"A'a, tausayi ne. Wani in ya yi nisa mantuwa yake."

Yana faɗa yana murmushi, irin na wanda ya san abin da ba ka sani ba. Ni dai kewa ta hana ni lura. Ko kwastoma nake yi wa bayani, rabin hankalina na aljihuna. Waya ta yi motsi in zabura, in duba in ga tallan kamfani ne. Haushi ya sa ko buɗe saƙonninsu ba na yi, share su nake a dunƙule. Me za su faɗa min? Ni nake sayar da abin.

Ana saura 'yan kwanaki wayar Dila ta fito, wani magidanci ya shigo da matarsa. Ita atamfa take sayarwa ta waya, data ba ta isarta.

"Wane tsari kike kai, Anti?"

"Ni da Kai, ni da Baban yara."

"Ai shi ya sa. Wannan na masu hira ne, ba na masu kasuwa ba. Ku da kuke gida ɗaya, me za ku faɗa a waya da ba za ku faɗa a falo ba? Kawo in mayar da ke mai data."

Na danna mata, na miƙa mata wayarta.

Sai wayar mijin ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro, ya nisanta ta da ido, ya karanta da ƙarfi:

"Abokin tsarinka ya cire lambarka."

Ya dubi matar. "Ni kika cire? Bayan duk shekarun nan? A gabana?"

"Kai, Baban yara, data fa na saya!"

"To su rubuta data mana! Wannan ai kamar sallama ce!"

Duk shagon aka kwashe da dariya.

Ni ban yi ba.

Na sauya wa mutane tsari ba adadi, amma ban taɓa ganin abin da ke zuwa wa ɗaya ɓangaren ba. Kullum mutum ɗaya ne ke tsaye a gabana.

Na ciro wayata na danna lambar duba tsari.

Ba Ni da Kai nake kai ba.

Tsarin 'yan kasuwa ne, mai data. Babu lambar kowa a haɗe da tawa.

Sai na tuna. A makon da kiran ya ɗauke, data ta cika min waya ban san dalili ba. Yaya ya ce kyauta ce daga shago. Har godiya na yi masa!

Na same shi a ɗakin ajiya yana jera kwalaye.

"Yaya, kai ka sauya min tsari?"

Bai juyo ba.

"Da wayar shago aka yi, ita kaɗai ke iya wannan ba da sanina ba. Kai ne?"

"Na ga kina ta kukan data..."

"Ka san saƙon da zai je masa?"

Ya ɗauki wani kwalin.

"Yaya, ka kalle ni! Ka sani?"

Ya ajiye kwalin ya zauna a kai. "Dila ne ya ce haka zai fi sauƙi. Ba faɗa, ba tashin hankali, kowa ya kama gabansa."

"Kuma me ya sa Dogo zai yarda da saƙon inji? Ai sai ya kira ya tambaye ni!"

Ya sunkuyar da kai. "Kafin ya tafi na same shi. Na ce kada ya ɗaure min ƙanwa. Na ce in kin gaji da jira ba za ki iya faɗa masa ba, kunya gare ki, amma zai ga alama. Ya yi min alkawarin in ya gani ba zai dame ki ba."

Na jingina da bango.

Wato yana can saman ƙarfe, iska na kaɗa shi, ya ciro waya zai kira ni, abin da ya tarar ke nan.

"Tsoro nake, Auta," Yaya ya ce. "Tun rasuwar Baba ni nake riƙe da ke. Ba na so wata rana a kira ki a ce ya faɗo."

"Ai kun riga kun faɗo da shi, Yaya."

Na fita.

A take na koma Ni da Kai, na saka lambar Dogo. Allon ya rubuta: ana jiran amincewarsa.

Ana jira...

To ta ina zai gani? Wanda ya daina hawa da waya, wa ya sani ma ko ya jefar da ita?

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Ina shara ina dubawa. Ina ba da canji ina dubawa. Na rubuta masa, "Ba ni ba ce, Dogona." Na rubuta, "Ko zagina ne ka kira ka yi." Na rubuta, "Ka riƙe da kyau." Duk suka tsaya a hanya kamar na baya. Yaya ya daina haɗa ido da ni. Da safe sai in tarar ya saka min wayar a caji.

Ranar fitowar wayar shago ya cika maƙil. An rataya babban hotonta a ƙofa, samari na ta turereniya su taɓa. Dila ya sha farin yadi yana bayanin kamara. Da ya gama ya ɗauko farin kwalin ya nufo ni, a gaban kowa.

"Gimbiya, yau ce ranar."

"Na san abin da ka sa aka yi."

Murmushinsa ya ɗan rage. "Ko ma mene ne, ya kira? Mai so ai ba ya..."

Aljihuna ya ɗauki ƙara.

Ba ƙarar saƙo ba. Kira!

Na ciro. Na ga sunan. Na danna da sauri.

"Auta..."

Muryar ce. Amma babu iska.

"Dogo? Dogo, kana ina? Ka riƙe da kyau!"

"A ƙasa nake. Tsaye nake a ƙasa, a tsakiyar sansani." Ya ja numfashi. "Yanzu muka kunna turken. Oga ya ce a kawo waya a gwada, na zazzage jaka na samo 'yar ƙaramar nan. Ina kunna ta ta hau kuka, saƙo na bin saƙo, ta ƙi yin shiru. Duk abokan aiki sun zagaye ni suna dariya."

"Ka karanta?"

"Ban gama ba. Idona ya ƙi gani sosai."

"Ba ni na cire ka ba, wallahi ba ni ba ce!"

"Na gani, sanyin idona. Na danna amincewa tun kafin in kira."

Sai a lokacin kukan ya ƙwace min, da fushin da na daɗe ina haɗiya.

"Kai ma da laifinka! Inji ya ce maka na bar ka sai ka yarda? Ba ka da baki? Ba ka san hanyar sama ba?"

"Na hau, Auta. Kullum da hantsi sai na hau. Wayar ce dai nake bari a ƙasa, don na san in tana hannuna sai na karya alkawari."

Na toshe bakina da gefen mayafi.

Ban san lokacin da Dila ya ajiye kwalinsa ya fice ba. Masu kallon sabuwar waya duk sun juyo suna kallon tsohuwar tawa mai fasasshen gilashi.

"Ƙarshen wata za mu sauko," Dogo ya ce. "Amma ba zan jira ba. Yaya na kusa?"

Na ɗaga ido. Yana tsaye bayan kanta kamar an dasa shi.

"Yana nan."

"Ba shi. Wannan karon da bakina zan nemi aurenki, da kunnena zan ji amsa."

Na miƙa wa Yaya wayar.

Ya kalle ta. Ya kalle ni, fuskata sharkaf da hawaye. Shagon ya yi tsit, har ƙarar fanka ana ji.

Ya goge tafinsa a jikin riga, ya karɓa da hannu biyu, ya kai kunne.

"Ƙanina," ya ce a hankali. "Kafin ka ce komai, ka bari in fara ba ka haƙuri."